Dawar Da Muka Sare Wa Jirgi

Damina ta yi kyau a ƙasar Kebbe a shekarar da zan ba da labarinta, irin kyan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga kamarsa ba. Lokacin sojojinmu ba su jima da dawowa daga yaƙin Bama ba, Turawa na nan riƙe da ƙasa. Ni kuwa ina sabon magidanci, ban kai ga ware tawa gona ba, gandu ɗaya nake nomawa da mahaifina. Yayyena duk mata ne, sun yi aure. Ƙanena shi ke bin 'yan shanunmu. Saboda haka aikin gona ni da Baba ne, sai ranar da muka kira gayya.

Gonar tana yamma da gari. Kakana ne ya sare ta tun tana daji. Shimfiɗaɗɗiya ce, doguwa, ba tudu ba kwazazzabo. Kowane rani a cikinta shanunmu ke kwana, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi, in ka damƙa sai ka ji ta kamar gari. Dawa muka zuba a shekarar, da wake a ƙarƙashinta. Geron da muka shuka a bayan gida ba shi da yawa, na toshe yunwar damina ne kawai. Abincin shekara yana cikin dawar nan. Ta yi tsawon da in mai doki ya shiga ba a hango shi, ta yi ciki, nan da can ma ta fara fid da kai. A tsakiyar gonar akwai manyan itatuwan ɗorawa guda uku, waɗanda kowa a gidanmu ya san na Inna ne, mahaifiyata. Da kalwarsu take daddawa, da daddawar take samun gishiri da sabulu da zanen salla. Ba ta taɓa roƙon Baba waɗannan ba.

A cikin wannan daminar wasu Turawa masu awon ƙasa suka kafa sansani a Tambuwal. Ɗayansu ya ƙetaro gulbi ya zo wajenmu da kukunsa da masu ɗaukar kaya da wani helma, wato shugaban leburorinsa, mutumin wata ƙasa can gabas, mai gajeren wando da bulalar dorina. Muna ganinsu suna jan sarƙa cikin jeji suna kafa duwatsu. Ba mu tambaye su ba, ba su gaya mana ba. Sai muka ji Baturen ya kwanta, zazzaɓi ya kama shi, irin wanda fitsari ke komawa baƙi. Muka ce Allah ya ba shi lafiya, kamar yadda ake ce wa kowane baƙo, muka ci gaba da harkarmu.

Wata rana da hantsi muna cirar ciyawa a bakin gona, sai ga helma tafe da 'yan doka biyu. Mai garinmu na biye da su, kuma ko a tafiyarsa ka san ba da son ransa ya fito ba. Helma bai yi sallama ba. Ya tsaya yana auna gonar da ido daga wannan kai zuwa wancan.

"Gonar wa ce wannan?"

Baba ya miƙe, ya kakkaɓe hannu. "Tawa ta. Lafiya?"

"Jirgin sama zai sauka a nan ya ɗauki Bature."

"Jirgi? Cikin dawa?"

"Ba cikin dawa ba, tsoho. Dawar za a sare."

Baba ya juya ga mai gari, wanda tare suka yi makarantar allo. "Ranka shi daɗe, ka ji abin da mutumen ga ka faɗi?"

Mai gari ya kasa haɗa ido da shi. "Na ji, Malam. Umurni na daga sama. Wallahi na yi magana, ba a saurare ni ba."

Ni ban iya yin shiru ba. Na ce ga fako can gabas da gari, babu mai noma shi, me zai hana su je can? Helma ya ce ya duba, akwai suri da ramuka, aikinsa zai ɗauki lokaci, Bature kuwa ba zai kai ba. Na ce to a ɗauke shi a kai shi Tambuwal mana, ai mota na zuwa can. Ya ce an yi magana da likita ta wayar iska daga sansaninsu, mai doki ya kawo amsa: in aka girgiza shi a hanya mutuwa zai yi. Ya faɗi haka yana kallon wani wuri, kamar mai ba yaro amsa don ya rabu da shi.

Baba bai yi gardama ba. Takawa kawai ya yi ya tsaya a gaban kunyar farko, ya buɗe hannuwa. Ɗaya daga cikin 'yan dokan ya ce ya matsa. Bai matsa ba. Sai ya sa masa kulki a ƙirji ya tura. Ba wani turi mai ƙarfi ba ne, amma Baba ya tsufa, ƙafarsa ta harɗe da yaɗon wake, ya faɗi zaune tsakanin kunyoyi, hularsa ta gangara gefe. Ban san lokacin da na yi kan ɗan dokan ba. Maƙwabtanmu da aka riga aka koro da adduna su suka riƙe ni, suna cewa in rufa wa kaina asiri. Baba ya ɗauki hularsa, ya busa mata ƙasa, ya sa. Ya dube ni ya ce, "Bari. Ba ka iya musu." Ya wuce gida, bai waiwayo ba.

Ni ba a bar ni na bi shi ba. Adda aka damƙa mini.

Duk wanda ya taɓa saran dawa da kaka ya san yadda busasshen kara ke ƙara in ya karye. Ɗanyen kara ba haka yake ba. Shiru yake faɗuwa, ruwansa na fantsamo maka a hannu, yana danƙo, yana wani ƙamshi mai zaƙi. Har yau ban manta ƙamshin nan ba. Na sari dawar da na shuka da ƙafata, na yi mata noman fari da maimai, na kori tsuntsu da biri saboda ita. Mutanen gari suna sara a gefena. Wani in ya zo kusa da ni sai ya ce "sannu" a hankali, kamar a gidan makoki. Muka kwashe karan muka tara a gefe ya zama tsibi. Ko shanu ba a yarda a ba su da yawa ba, don ɗanyar dawa takan kumbura musu ciki. A nan ya ruɓe.

Da aka zo kan ɗorawa, Inna ta fito. Mace ce da ba ta zuwa inda maza suka taru, amma ranar ta ratsa su da mayafinta ta zauna a gindin babbar. Ta ce, "Ku sare da ni." Helma ya ɗaga dorinarsa, sai ya ga yadda mutane suka daina aiki suka zuba masa ido, ya sauke. Tsofaffin mata aka kira suka lallashe ta, suka kama ta suka tafi da ita tana tirjewa. Da itacen ya faɗi, ƙasa ta girgiza har cikin gari. Matata ta gaya mini Inna na jin ƙarar ta toshe kunnuwa, ta shige ɗaki. Aka haƙe kututturan, aka cike ramukan.

Bai ƙare a nan ba. Muka baje kunyoyi da kalme, fartanyar da muke noma da ita. Helma ya taka ya ce ƙasar ta yi laushi, ƙafar jirgi za ta nutse. Laushin nan da kakana da ubana suka ƙare ƙarfinsu wajen samarwa, shi ne ya zama laifi. Aka sa jakuna da mutane jidar tsakuwa da jar marmara daga bakin dutse, aka zuba tsawon gonar, aka fito da matan gari da madaɓai suka yi ta daɓe. A garinmu daɓe aikin waƙa ne da guɗa, ana yinsa in za a kai amarya sabon ɗaki. Wannan kuwa ba ka jin komai sai tim, tim, tim, da tsawar helma. Kwanaki muka yi a haka, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Allah kuma ya ɗauke ruwa a 'yan kwanakin, wurin ya bushe ya yi tauri kamar tsakar gida. Aka zuba toka a gefe da gefe don a gani daga sama.

Ranar da aka ce jirgi zai zo, gari ya waye tangaran, ko ɗigon girgije babu. Aka kafa rumfa a bakin filin, aka ɗauko Baturen a gadonsa aka ajiye. A lokacin na fara ganinsa kusa. Saurayi ne, bai girme ni ba, ya rame, fatarsa ta koma ruwan ɗorawa, idanunsa a rufe. Aka hura wuta aka zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya tashi ya nuna wa mai jirgi wurin da kuma inda iska ke kaɗawa. Ɗanyen ganyen, na dawarmu ne.

Duk gari ya fito. Ba zan ɓoye ba, har ni ina son in ga abin. Na ce a raina tunda an riga an yi ɓarnar, to ya zo ya ɗauke shi, ran mutum ya tsira, in san dalilin da ya sa za mu kwana da yunwa. Muka yi ta kallon arewa. Hantsi ya wuce. Rana ta take. Aka yi azahar a bakin filin. Yara suka gaji suka koma gida. In shaho ya gifta sai a yi caa, sai kuma a yi tsaki. Helma na ta kai da kawowa, yana zagin masu hura wuta. Aka yi la'asar. Babu jirgi, babu labarinsa.

Kafin magariba hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Da ƙyar aka mayar da mara lafiya ɗaki kafin ya sauko. Ruwa aka yi irin wanda a wata shekara da mun yi murna da shi, don shi ne zai cika wa dawa ido.

Kashegari da hantsi muka ji ruri daga arewa. Ga jirgi. Ƙarami ne, yana ƙyalli. Ya zagaya gari, kaji da awaki suka watse, ya sauko ƙasa-ƙasa ya bi tsawon gonarmu har na hango kan mutumin da ke ciki yana leƙowa. Abin da ya gani shi ne abin da muke gani: ruwa kwance a kan daɓen, don ƙasar da aka daɓe ba ta shan ruwa, gefen kuwa ya zama taɓo. Ya sake zagayowa, ya sake leƙawa. Sai ya ɗaga ya miƙe arewa, yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Iyakar abin da ya yi a garinmu ke nan.

Helma ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Can ya juyo ya ce a nemo majiya ƙarfi, za a ɗauki Bature a kai shi Tambuwal.

Na ce, "Wanda anka ce in an girgiza shi shina mutuwa?"

Ya nuna ni da dorina. "Kai ne na farko. Kama gaba."

Aka ɗaura wa gadon sanduna, muka saɓa a kafaɗa kamar makara, muna karɓa-karɓa. Hanya ta lalace. Wani wuri taɓo har gwiwa, wani wuri sai mun ɗaga gadon sama da kai. A bakin gulbi masu kwalekwale suka ƙetarar da mu, ruwa na tafe da itatuwa. Ina tafe sanda na cin kafaɗata, zuciyata na tafasa. Sau da yawa na ji kamar in saki. Amma da muka tsaya hutawa a wata inuwa, Baturen ya buɗe ido yana motsa baki, kukunsa ya yi nisa a baya, ni na ɗebo ruwa na ɗiga masa. Ya riƙe mini wuyan hannu da yatsu masu zafi kamar garwashi, ya faɗi wata magana da ban gane ba. Ban so ya mutu ba. Ban taɓa so ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, ga shi muna girgiza shi iyakar girgiza, kuma yana numfashi. Da tun farko an ce mu ɗauke shi, da mun ɗauke shi, da dawarmu na tsaye.

Muka isa Tambuwal, mota na jira. Aka sa shi aka wuce da shi asibitin birni. Mu kuma aka ce mu zauna a gindin wata tsamiya a cikin sansanin, za a kawo mana tuwo.

Kusa da tsamiyar akwai wani tanti da aka ja wa dogon ƙarfe sama. A ciki wayar iska take, akwatin da ake magana da shi a ji daga nesa ba tare da igiya ba. Mai kula da ita tsohon soja ne, kofur, ɗan ƙasarmu, mai giɓi da yawan raha. Ya fito ya zauna cikin kukaye da leburori yana ba su labari, suna ta ƙyalƙyala dariya. Da na ji ana ambaton Kebbe sai na matsa kusa.

A nan na ji abin da ya faru. A filin jirgin birni akwai wani Bature da ke zaune a ɗaki mai tsawo, hasumiya suke ce masa, shi ke gaya wa masu tuƙa jirgi inda za su da lokacin da za su tashi ko su sauka, duk ta wayar iska. Mu a bakinmu a wancan zamani, Kebbe daban, Kabi daban, ko yaro ba ya haɗa su. To amma Turawa Birnin Kabi suke kira Kebbi, sunan da yanzu har mu mun ɗauka. A bakinsu tsakanin Kebbe da Kebbi babu komai sai ɗan motsin leɓe.

Kofur na kwaikwayon muryoyinsu ta hanci, yana juya maganar da Hausa, har da "oba" ɗin da suke faɗi in sun gama magana. "Mai hasumiya yac ce, ka tafi Kebbe ka ɗauko mara lafiya, oba. Direban jirgi yac ce, na ji, Kebbi, oba. Mai hasumiya yac ce, daidai!" Aka fashe da dariya. Shi direban ya saba sauka a Birnin Kabi, bai taɓa jin akwai wani gari Kebbe ba, sai ya miƙe can abinsa. Da ya sauka ya kira ya ce ina mara lafiya? Mai hasumiya ya ce yana nan bakin fili cikin rumfa, an tayar maka da hayaƙi. Direba ya ce shi bai ga hayaƙi ba, jaki ya gani da awaki. Mai hasumiya ya ce ka duba yamma da gari, sabon fili ne. Direba ya tashi ya yi ta zagaya yammacin Kabi, ba ya ganin komai sai fadama. Suka yi ta musu, wannan na cewa ka buɗe idonka, wancan na cewa ka gyara bayaninka, kowa na tsammanin gari ɗaya suke nufi, har mai ya kusa ƙarewa ya koma birni. Sai da suka haɗu ido da ido aka shimfiɗa taswira, wannan ya ɗora yatsa nan, wancan ya ɗora can. Kofur ya ce Turawan sansanin ma da suka ji, sai da suka yi dariya har da hawaye.

Tuwon da ke hannuna na ajiye. Na ce, "Kofur, kai kana ji lokacin da sunka yi maganar?"

Ya juyo da fara'arsa. "Ina ji mana. Duk abin da sunka faɗi shina shigowa akwatina."

"Ka ji direban yac ce Kebbi?"

"Na ji awa hakanan. Amma wayar na ta ƙara awa ana suya, ban tabbata ba. Kuma in Turawa biyu na magana, ni wa na da za ni tsoma baki? Ba a ba ni wanga izini ba."

"Shi mai hasumiyar bai iya cewa a sake faɗi ba? Bai iya cewa wadda ke kudu da Tambuwal ba?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Kowa ya ɗauka an gane. Ai ba a yi asara ba, ɗan'uwa. Likitan da yaz zo da mota ya ce Bature na tashi."

"Ka san abin da anka sare?"

"An ce an share fili."

Fili. Kalmar nan ita ta ƙarasa ni. Na tashi na nufi tantin, kafin su farga na shige. Akwatin na bisa tebur yana ƙara, ga abin magana rataye da igiya, irin wanda na hango kofur na kai wa baki. Na fizge shi na kai nawa bakin. Ban san da wa nake magana ba, na dai san yana can ƙarshen iskar. Na ce kai mai hasumiya, kai direba, ku saurara. Na ce ba fili ba ne, gona ce. Na ce dawa ce ta yi ciki, abincin gida guda, ɗorawar uwata ce, ubana ne aka tura ya faɗi gaban jama'a. Na ce baki gare ku, kunne gare ku, me ya hana ɗayanku ya sake tambaya? Na faɗi sunan garinmu da ƙarfi, na sake faɗi, na yi ta faɗi har muryata ta dushe. Na haɗa da zagin da ba zan rubuta a nan ba.

Ta baya aka shaƙo ni. 'Yan doka suka fitar da ni suka kwantar a gaban tantin, helma ya samu abin da yake nema tun ranar farko. Ban ƙirga bulalar ba. Wani Bature ya leƙo daga tantinsa, ya tambayi abin da ake ciki, aka gaya masa wani abu da Turanci, ya kaɗa kai ya koma. Aka jefa ni wani ɗakin ajiyar kaya aka rufe.

Da yamma kofur ya zo da ruwa a kwano da man shafawa. Rahar nan duk ta tafi. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce wallahi bai san gona ce ba, shi ma ɗan manomi ne. Na sha ruwan. Na ce ko ba komai na faɗa musu, sun ji.

Ya ajiye man shafawar kusa da ni. Sannan ya ce, "Ɗan'uwa, akwai wani maɓalli a jikin abin. Sai an danna shi magana ka fita. Ba ka danna ba."

"Babu wanda yaj ji?"

"Mu da muke waje mun ji."

Bulalar ba ta yi mini zafin da wannan ta yi ba. Na kama rigarsa na ce to shi ya je ya danna, ya faɗa musu da Turancinsu, ya ce an sare gonar wani tsoho a Kebbe saboda kuskurensu. Ba wani abu nake nema ba, su dai sani. Ya zare hannuna a hankali. Ya ce wayar ta maganar jirgi ce da ta aiki, in ya faɗi wannan a cikinta, a ranar zai rasa abincinsa, kuma mai hasumiyar cewa zai yi a sauka daga kan layi. Ya tashi ya tafi. Na yi ta jifan ƙofar da kwanon har ya lotse.

Abokan tafiyata ba su tafi sun bar ni ba. Suka samu wani dattijo a Tambuwal da ya san Baba ya je ya ba da haƙuri. Haƙuri! Mu ne muka ba da haƙuri. Aka sake ni, muka kamo hanya, riga ba ta zama a bayana.

Da na isa gida na gaya wa Baba duk yadda aka yi. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Wato ba su ma san sun yi ba." Na ce ba su sani ba. Ya ce, "To." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ni kuwa ban iya yin irin shirunsa ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji, a masallaci, a kasuwa, a wurin suna, har mutane suka fara cewa in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban ga inda aka ce in na bar masa in daina jin haushi ba. Ban ma kai ga zancen diyya ba. Sannu nake jira, daga bakin ko da mutum ɗaya cikin waɗanda suka jawo abin. Babu wanda ya zo. Baturen ya warke, aka ce an mayar da shi ƙasarsu. Sauran suka naɗe tantunansu suka yi gaba.

Da kaka ta yi, kowa a gari ya cika rumbu, don shekarar ta yi albarka. Maƙwabta suka yi mana kara. Wannan ya aiko da dami, wancan ya aiko da biyu, wasu suka kawo zakkarsu ƙofar gidanmu. Baba, wanda tun tasowata shi ke fitar da zakka a kai wa wasu, ya zauna a zaure yana karɓa yana godiya, yana sa wa kowa albarka. In sun tafi sai ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Abin da aka tara bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Muka fara sayar da shanu, da na noma aka fara. Inna ta koma sayen kalwa a hannun matan da a da ita ke ba su. A shekarar na fara tafiya cin rani, abin da babu wanda ya taɓa yi a gidanmu. Na yi dako a ƙasar kudu, na dawo da tari.

Da ruwa ya sauka muka koma gonar. Na ɗaga kalme na sara, ya yi tsalle ya dawo mini, hannuna ya yi tsami har kafaɗa. Da diga muka riƙa fasa daɓen, muna tsince tsakuwa da hannu muna zubarwa. Gefe da gefe ya dawo a hankali bayan shekaru. Tsakiyar kuwa, inda aka fi zuba marmara, ba ta ƙara yin dawar kirki ba. Shuka takan fito ta kai gwiwa ta yi ja ta tsaya. Daga baya muka haƙura da ita. Yara suka mayar da wurin na wasa, gari ya matso, yanzu masu babura ke tsayawa a can suna jiran fasinja.

Filin Jirgi suke ce masa. Jirgi bai taɓa sa ƙafa a wurin ba, amma sunan ya zauna, har jikokina haka suke faɗi. In na hau babur daga kasuwa nakan ce a kai ni Gonar Malam. Yaron sai ya ce, "Ina ne haka, Baba?" In kwatanta masa, ya ce, "Au, Filin Jirgi." Ni kuma in ce a'a, Gonar Malam, kuma ba na sauka sai ya faɗa daidai.